Ziyarar Filayen Daga da Kaburburan Yaƙi a Ƙasar Gumel da Maƙwabtanta

Ziyarar wuraren da aka gwabza yaƙi, da kaburburan waɗanda suka faɗi a cikinsa, batu ne da ake yawan yi wa gurguwar fahimta. Wasu na ɗaukarta al'adar Turawa ce da soja suka gada, wadda ake yi sau ɗaya a shekara da fareti da furanni. Wasu kuma na haɗa ta da ziyarar waliyyai, sai gardama ta koma ta sunna da bidi'a tun ba a fayyace abin da ake magana a kai ba. A ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, akwai wani ruɗanin na daban: tun da matafiyi ba ya cin karo da jerin fararen duwatsu ko hasumiya mai sunaye a bakin hanya, sai a ɗauka yankin ba shi da abin ziyarta. Alhali ƙasar ta shafe mafi yawan ƙarni na 19 cikin yaƙi, kuma sawunsa na nan, sai dai ba a siffar da aka saba gani a hotuna ba.

Ma'anar kalmomin

Maƙabarta ita ce filin da aka keɓe don binne matattu, kabari ko kushewa kuwa makwancin mutum ɗaya. Maƙabartar yaƙi, a ma'anar zamani, ita ce wadda aka keɓe wa waɗanda suka mutu a yaƙi, wata hukuma na kula da ita, tana riƙe da rajistar sunayensu. Hubbare gini ne da aka yi a kan kabarin babban malami ko sarki, kamar na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Kalmar ta shigo Hausa ta hanyar Fulatanci, tushenta kuwa ƙubba ta Larabci. Dutsen tunawa ko hasumiyar tunawa gini ne mai ɗauke da sunaye ko alama, amma babu gawa a ƙarƙashinsa. Wannan bambanci na da nauyi, domin hukuncin da malamai ke yankewa a kan gini bisa kabari ba lalle ne ya hau kan allon da ba kowa a ƙarƙashinsa ba.

Filin daga ko fagen fama shi ne wurin da rundunoni suka kara. Kufai tsohon mazauni ne da aka tashi aka bari. Ganuwa katangar ƙasa ce da ta kewaye gari, gwalalo kuma ramin da ke bayanta. Shahidi, daga Larabci, shi ne wanda aka kashe a yaƙin ɗaukaka addini, kodayake shari'a ta faɗaɗa ladan shahada ga wasu nau'o'in mutuwa. 'Yan mazan jiya kuwa su ne tsofaffin sojoji, rayayyunsu da matattunsu. Ita ziyara, wadda ita ma Larabci ce, ta ƙunshi abubuwa uku da ya kamata a rarrabe: zuwa kabari don sallama da addu'a da tuna lahira, zuwa wuri don sanin tarihi, da bikin hukuma na karrama sojoji. Kowane na da manufarsa da ƙa'idarsa, kuma yawancin saɓanin da ake ji ya samo asali ne daga auna ɗaya da ma'aunin ɗaya.

Yaƙe-yaƙen da suka ratsa ƙasar Gumel

Masarautar Gumel, wadda ake yi wa laƙabi da Lautai, ta kafu ne wajen 1750 a hannun Ɗan Juma da jama'arsa Mangawa, dangin Barebari. Ta bi Barno tana kai mata gaisuwa, kuma da jihadin 1804 ya mamaye ƙasar Hausa ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. Wannan matsayi ne ya jefa ta tsaka mai wuya. Haɗeja a gabas, Kano a kudu maso yamma, Kazaure a yamma, duk na Sakkwato ne. A arewa kuma ga Damagaram, wadda ita ma mabiyar Barno ce a suna, amma a zamanin Sarki Tanimu, daga 1851 zuwa 1884, ta yi ƙarfin da har igwa take ƙerawa, tana kai hari inda ta ga dama.

A 1845 aka dawo da fadar sarauta daga Tumbi, wadda yanzu ke cikin Jamhuriyar Nijar, zuwa garin Gumel. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya ratsa garin a 1851 ya tarar da shi cike da jama'a, yana da babbar kasuwar kanwa. Da ya sake biyowa a ƙarshen 1854 sai ya iske rikicin gadon sarauta ya ɗaiɗaita shi. Ƙasa da shekara huɗu ke tsakanin ganin biyu, kuma wannan ya isa ya nuna yadda gari ke cika ya kuma watse a wancan zamani. Gaba da Haɗeja ta ɗauki shekaru da dama, ta kai ƙarshenta a 1872 a dagar Zaburam, inda aka kashe Sarkin Gumel Abdu Jatau a karo da rundunar Sarkin Haɗeja Haru. Hare-haren kamen bayi daga Damagaram kuwa sun ci gaba har gab da zuwan Turawa.

Dalilin da ya sa ba a ganin alama

Rashin duwatsun tunawa a wannan yanki ba sakaci ba ne kawai. Kabarin Musulmi a ƙasar Hausa ɗan tudu ne na ƙasa, a kafa itace ko fasasshiyar tukunya a kansa, wani lokaci a rufa da ƙaya don kare shi daga dabbobi. A ƙasa mai rairayi irin ta arewacin Jigawa, damina kaɗan da iskar rani sun isa su baje shi. Wanda ya faɗi a daga kuma, bisa fiƙihu, a inda ya faɗi ake binne shi da tufafinsa, ba wanka, kuma a mazhabar Malikiyya ba a yi masa salla. Idan matattu sun yi yawa akan haɗa biyu ko uku a rami ɗaya, kamar yadda aka yi wa shahidan Uhudu. Wanda aka kora daga fage ba shi da sukunin tsayawa binne nasa, wanda ya yi nasara kuma ba shi da dalilin sa wa kabarin abokin gaba alama.

Akwai wani dalilin da ba a cika ambata ba. Babbar asarar da ƙauyuka suka yi a yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 ba ta kisa ba ce, ta kame ce. Waɗanda aka kora zuwa kasuwannin bayi, wasu har aka ƙetara Sahara da su, ba su da kabari a gida ko kaɗan.

Saboda haka tunawa ta koma wasu ma'ajiyai: kirarin sarakuna da jarumai, waƙoƙin makaɗan fada, tarihin da zuri'a ke miƙa wa zuri'a, da sunayen garuruwa. Sunan da ya fara da Kafin ko Garun ko Birnin, kamar Kafin Hausa da Garun Gabas a ƙasar Haɗeja, shaida ce cewa an taɓa kewaye wurin da shinge ko katanga don tsaro. A doron ƙasa kuma, mai ido na gane kufai ta tarin kukoki a tsakiyar gona inda babu gida kusa, da tsingaro warwatse a ƙasa, da tsofaffin rijiyoyi da ramukan marina da suka cike, da doguwar ƙusumbin ƙasa mai lanƙwasa wadda ita ce ragowar ganuwa. Waɗannan su ne ainihin wuraren tunawa da yaƙi na karkarar Gumel, kuma ba sa magana sai an samu wanda ya san labarinsu.

Zamanin zuwan Turawa

Bayan Ingilishi sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sarkin Gumel Ahmadu ya karɓi mulkinsu a shekarar ba tare da yaƙi ba. Don haka wanda ke neman fagen da aka kara da Turawa sai ya leƙa maƙwabta. Mafi kusa ita ce Haɗeja, inda ranar 25 ga Afrilu 1906 aka kashe Sarki Muhammadu, wanda tun daga nan ake kira Mai Shahada, tare da jama'a masu yawa a cikin garin. A nan Haɗeja kuma kabarin Kyaftin Phillips yake, jami'in da mutanen gari suka laƙaba wa Maitumbi.

Can nesa akwai Burmi, kusa da Bajoga a Jihar Gombe, inda ranar 27 ga Yuli 1903 aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya da ɗaruruwan mabiyansa. Manjo Marsh, wanda ya jagoranci harin, shi ma a nan ya mutu, kuma kaburburan mutanen biyu suna wannan yanki har yau. Satiru, kudu da Sakkwato, labarinta ya fi muni. A Fabrairu 1906 mutanen garin suka kashe Turawa uku da sojoji sama da 20, a Maris aka dawo aka rusa garin, aka kashe mutane wajen 2,000, aka kuma la'anci duk wanda ya sake zama a wurin. Kufan ne kansa ya zama abin tunawa.

A ƙetaren iyaka, ƙasar Damagaram na da nata. An kashe Kyaftin Cazemajou na Faransa a Zindar, fadar Damagaram, a 1898, Faransawa suka dawo suka ci rundunar Sarki Amadu Kuran Daga a Tirmini a ƙarshen Yuli 1899. A Maijirgi, kusa da Tasawa, akwai kaburburan da ake danganta wa Voulet da Chanoine, jami'an Faransa da rundunarsu ta yi kisan kiyashi a Birnin Ƙonni da garuruwan kan hanyarta a wannan shekara.

Abin lura a duk waɗannan wurare shi ne wanda ya samu rubutu da siminti. Galibi jami'in Bature ne, sai kuma sarki. Dakarun da suka kare gari ba a san makwancin yawancinsu ba, haka ma sojojin da suka kawo harin, waɗanda mafi yawansu 'yan Afirka ne, Hausawa da Yarabawa a ɓangaren Ingilishi. Maziyarcin da bai san wannan ba zai koma gida yana zaton mutum biyu ko uku ne suka mutu a inda ɗaruruwa suka faɗi.

Waɗanda suka mutu a nesa

Yaƙin Duniya na Ɗaya da na Biyu ba a yi su a Jigawa ba, amma sun ɗebi 'ya'yan lardin Kano, wanda Gumel ke cikinsa a lokacin. Sojojin Nijeriya sun yi yaƙi a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, a Garwa da Banyo da Mora, sannan a Gabashin Afirka, inda suka yi mummunar asara a Mahiwa a Oktoba 1917. A yaƙi na biyu sun shiga Mogadishu a Fabrairu 1941, daga baya runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma suka yi fama da Japanawa a kwarin Kaladan da yankin Arakan na Burma. Tsakanin 1940 da ƙarshen 1942 kuma, da yake Nijar na ƙarƙashin gwamnatin Vichy ta Faransa mai ɗasawa da Jamus, iyakar da ta ratsa ta Maigatari ta zama iyaka tsakanin ɓangarori biyu da ba sa ga maciji.

Ba a dawo da gawarwakin waɗanda suka mutu ba. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel, wadda aka kafa a 1917, ita ke riƙe da sunayensu cikin mutum wajen miliyan 1.7 da take tunawa da su a wurare kusan 23,000 a ƙasashe sama da 150. Sojojin Nijeriya da suka faɗi a Burma, wasu na kwance a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, wasu kuma sunayensu ne kawai ke cikin kusan 27,000 da aka zana a ginin tunawa da ke tsakiyarta. A gida akwai duwatsun tunawa da matattun yaƙi na ɗaya a Zariya da Lokoja da Ibadan da Kalaba. Na ɓangaren Faransa kuwa, sanannen misali shi ne maƙabartar Chasselay, wani ƙauye kusa da Lyon, inda aka binne sojojin Afirka ta Yamma 188 waɗanda Jamusawa suka kashe a Yuni 1940, da yawansu bayan sun miƙa wuya.

Ƙa'idar hukumar Kwamanwel ita ce kowane mamaci a ambaci sunansa, ba bambancin muƙami ko launi ko addini. A Afrilu 2021 wani kwamiti da ita kanta ta kafa ya tabbatar da cewa an karya wannan ƙa'ida a wajen Turai bayan yaƙi na ɗaya: mutum tsakanin 45,000 da 54,000 ba a yi musu daidai da Turawa ba, sannan aƙalla 116,000, wataƙila har 350,000, ba a ambaci sunayensu ba ko ba a tuna da su sam ba. Yawancinsu 'yan Afirka ne da Indiyawa, kuma da yawa 'yan dako ne, ba masu bindiga ba. Hukumar ta nemi gafara, ta fara gyara, har ta buɗe sabon wurin tunawa mai sunaye sama da 1,700 a Kef Tawun a Janairu 2025.

Rajistar hukumar na intanet, kowa na iya dubawa kyauta, amma akwai tarnaƙi. Magatakardan soja kan rubuta sunan yanka ne a haɗe da sunan gari, ba sunan uba ba, kuma rubutun ya sha bamban, Gumel ma a tsofaffin takardu akan same ta da harafin m biyu. Ba kuma duk wanda aka rubuta da sunan gari ne ɗan garin ba. Wani a nan aka ɗauke shi aiki kawai. Iyalin da ke neman kakansu na bukatar lambar soja ko sunan bataliya kafin su tabbatar, kuma a nan ne tsohuwar takardar sallama ko lambar yabo da ke cikin adaka ke da amfani.

Matsayin addini da saɓanin malamai

Asalin ziyarar kabari babu saɓani a kan halascinta ga maza. Hadisi ingantacce ya nuna Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana ta da farko, daga baya ya yi izini da ita domin tana tuna lahira. Shi da kansa ya ziyarci shahidan Uhudu, su wajen 70 ciki har da baffansa Hamza, waɗanda suka faɗi a shekara ta 3 bayan hijira, kuma alhazai na zuwa wurin har gobe. Wato ziyarar kaburburan yaƙi ba baƙuwa ba ce a Musulunci. Game da mata malamai sun rarrabu, wasu sun halatta da sharaɗin natsuwa da sutura, wasu sun karhanta, wasu sun hana.

Saɓanin na kan abin da ake yi a wurin da abin da ake ginawa a kai. Akwai hadisin da ya hana shafe kabari da farar ƙasa, da gini a kansa, da zama bisansa, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane ɗalibin zaure ya sani, ta sa gini da shafen cikin makaruhai. Shehu Usmanu ma a littafinsa Ihya'us Sunna ya ware babi kan bidi'o'in jana'iza da maƙabartu. Malaman Izala, ƙungiyar da aka kafa a Jos a 1978, na kafa hujja da waɗannan da kuma hadisin da ya taƙaita ɗaura niyyar tafiyar ibada ga masallatai uku, suna ganin hubbare da neman tubarraki ƙofa ce ta shirka. Malaman Ƙadiriyya da Tijjaniyya na ganin hanin ya shafi wanda ya bauta wa kabari ne ko ya yi alfahari da shi, kuma ziyarar salihai da tawassuli da su halal ne. Wannan gardama tsohuwa ce, ba ta kuma keɓanta ga matattun yaƙi ba.

Kabarin wanda ba Musulmi ba, malamai da yawa sun halatta tsayawa a kansa don ɗaukar izina, ba don nema masa gafara ba. Bikin hukuma kuwa, da ajiye furanni a gaban mutum-mutumi da tsayuwar shiru, wasu na ƙinsa saboda kwaikwayo ne kuma saboda hanin sassaƙa surar mai rai, wasu na ɗaukarsa al'adar mulki ce ba ibada ba. A Nijeriya an bi tsaka-tsaki ta hanyar haɗa bikin da addu'a ta musamman a masallacin Juma'a da kuma coci.

Idan aka duba da kyau, babu ɓangaren da hujjarsa ta hana a san inda aka yi yaƙi, ko a rubuta sunan wanda ya mutu a littafi, ko a kare maƙabarta daga garma da dabbobi. Hasali ma kare alfarmar kabari wajibi ne a wurin kowa.

Wa ake tunawa, kuma da wane ido

Bayan saɓanin addini akwai na tarihi. Dagar Zaburam nasara ce a bakin mutumin Haɗeja, rashin sarki ce a bakin mutumin Gumel, kuma yau duk 'yan jiha ɗaya ne tun da aka ƙirƙiro Jigawa a 1991. Sarkin da ake yi wa kirarin jarumta a Zindar shi ne maharin da kakannin wasu ƙauyukan kan iyaka suka gudar wa. Wasu na ganin tono irin wannan tarihi tayar da tsohon miki ne, musamman inda ya taɓo asalin bauta a zuri'ar da ke raye. Wasu na ganin wasan barkwancin da ke tsakanin garuruwa da ƙabilun da suka taɓa gwabzawa ya nuna jama'a sun daɗe da samun hanyar ɗaukar tarihin ba tare da gaba ba.

Kaburburan jami'an mulkin mallaka ma haka. Masu cewa a bar su su lalace na ganin kula da su karrama azzalumi ne. Masu cewa a kiyaye su na ganin shaida ce ta abin da ya faru, kuma abin da ya kamata shi ne a ƙara bayanin waɗanda aka kashe a gefensu. Ra'ayi na biyun ya fi ƙarfi, domin kabarin Voulet ba ya wanke Voulet, yana dai tabbatar wa mai shakka cewa mutumin ya zo har nan.

Ita kanta ranar tunawa da 'yan mazan jiya tana da fuska biyu. A da ranar 11 ga Nuwamba ake yi, kamar sauran ƙasashen Kwamanwel, sai aka mayar da ita 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Amma a ranar 15 ga Janairu 1966 ne aka kashe Sardauna Ahmadu Bello a juyin mulkin farko, don haka abin da ɗan Arewa ke tunawa a ranar ba lalle ne ya zama wanda ke cikin jawabin hukuma ba. Tsofaffin sojoji da matan waɗanda suka rasu, daga yaƙin basasa zuwa Laberiya da Saliyo da rikicin Boko Haram, sukan kuma yi ƙorafin cewa furannin shekara-shekara ba sa maye gurbin fansho da haƙƙin magada.

Yadda ziyara ke gudana a karkara

Kufai ko filin daga a ƙauye kusan kullum gonar wani ce. Shiga sai da iznin mai unguwa ko bulama ko dagaci, kuma su ne ke haɗa baƙo da dattijon da ya san wurin. Lokacin da ya dace shi ne bayan an kawar da amfanin gona, daga ƙarshen kaka zuwa rani, sa'ad da gero da riɗi da zoɓo suka bar fili, ƙasa ta fito sarari. Da damina ba a ganin komai, ga kuma ɓarnar shuka. A maƙabarta ana yin sallama da addu'a, ba a taka kabari, ba a zama a kansa, ba a ɗaga murya.

Tono ko ɗauke abin tarihi ba tare da izini ba laifi ne a ƙarƙashin dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa, kuma tsingaro ko bakin mashi da aka ɗauke daga mazauninsa ya rasa rabin bayanin da yake ɗauke da shi. Labarin baka kuwa akan ji shi daga fiye da mutum ɗaya, domin kowane gida na ba da shi ta inda kakansa ya fito da kyau. Sai a gwada shi da rahotannin gundumomi na zamanin Turawa da ke ma'ajiyar takardu ta ƙasa a Kaduna. Kusa da kan iyaka kuma ɗaukar hoto na bukatar sanin jami'an tsaro.

Abin da zai iya biyo baya

Akan kawo misalin Turai a ce irin waɗannan wurare za su jawo 'yan yawon buɗe ido. A arewacin Faransa da Beljiyam hakan ya tabbata: ginin Thiepval kaɗai na ɗauke da sunaye sama da 72,000, kuma a 2023 UNESCO ta sa wurare 139 na yaƙi na ɗaya cikin kayan tarihin duniya. Amma can akwai jikokin matattu masu hali da ke zuwa daga ƙasashe da dama, da hanyoyi da masaukai da hukumar da ke kashe kuɗi kullum. Ƙasar Gumel ba ta da wannan, kuma wanda ya yi wa ƙauye alkawarin arziki daga kufai ya wuce gona da iri. Amfanin da ke kusa na ilimi ne: ɗaliban sakandare da na Kwalejin Ilimi ta Gumel da jami'o'in Dutse da Kafin Hausa su ga da idonsu abin da suke karantawa.

Haɗarin da ya fi kusa shi ne ɓacewa. Tarakta na baje tudun ganuwa a shekara ɗaya, abin da fartanya ba ta yi ba a shekara ɗari. Garuruwa na faɗaɗa, ana yanka filaye, ana ɗibar ƙasar ganuwa don gini, ana ba da manyan gonaki ga masu zuba jari, ga kuma dattawan da suka ji labari daga bakin waɗanda suka ga zamanin suna ƙarewa. Sojojin Burma kansu kusan duk sun kau. A ɗaya gefen kuma, idan aka ƙawata wuri da gini ba tare da shawarar malamai da masu gona ba, ana iya haifar da rikici, ko a jawo masu rusawa kamar yadda aka yi wa hubbarorin Tumbuktu a 2012, aikin da kotun duniya ta ɗaure Ahmad al-Faqi al-Mahdi shekara 9 a kansa a 2016.

Matakin da ba ya cin karo da kowane ɓangare shi ne na rajista: a naɗi bayanan dattawa, a auna mazaunin kowane wuri a taswira, a kewaye tsohuwar maƙabarta da itatuwa, a kafa allon bayani a gefe ba bisa kabari ba, a kuma tattara sunayen 'yan kowace gunduma da suka tafi soja ba su dawo ba. Wannan aiki ne da majalisar masarauta da ƙananan hukumomi huɗun za su iya farawa da hakimai da dagatai. Sai dai wani ɓangarensa ya fi ƙarfinsu, domin iyakar da Ingila da Faransa suka shata tsakanin 1906 da 1908 ta bar Tumbi da wasu tsofaffin mazaunan Mangawa a Nijar. Kaiwa gare su ya dogara ne ga haɗin kai da masarautar Damagaram da jami'ar Zindar, da kuma buɗewar iyakar Maigatari, wadda aka rufe daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, aka sake rufewa daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024.